Ajiya Ba Kyauta Ba Ce: Darasi Daga Sandar Mutanen Omaha

Da yawa daga cikinmu a fim ɗin kaboyi muka fara ganin 'yan asalin Amurka. Suna kan dawaki ba sirdi, gashin tsuntsu a ka, suna ihu suna sakin kibau, Bature yana kakkaɓe su da bindiga, mu 'yan kallo muna tafi. Indiyawan daji muke ce musu. Ba wanda ya gaya mana cewa ɗaruruwan al'ummomi ne, kowacce da harshenta da tsarin mulkinta da addininta. Ba kuma wanda ya gaya mana cewa har yau suna nan, da lauyoyinsu da likitocinsu da majalisunsu.

Tun da Turawa suka sa ƙafa a nahiyar ake rubuta addinan waɗannan mutane, kuma sau da yawa hannun da ya rusa shi ne ya ɗauki alƙalami. A 1562 wani limamin coci ɗan Sifaniya, Diego de Landa, ya tara littattafan mutanen Maya a garin Mani da ke Meziko ta yau, ya cinna musu wuta. Bayan 'yan shekaru shi ɗin dai ya zauna ya rubuta bayanin addininsu da kalandarsu. Abin da ya rubuta ne kuma ya taimaki wani masani ɗan Rasha, Yuri Knorozov, ya fara gano yadda ake karanta rubutun Maya a 1952. Littattafan Maya huɗu kacal suka tsira zuwa yau.

Shi ya sa fannin rubuta addinai da al'adun mutane ya taso da tambaya rataye a wuyansa: idan ka zauna gaban dattijo ya buɗe maka abin da ya gada, ka rubuta ka tafi da shi, na wane ne? Babu labarin da ya fito da tambayar fili kamar na mutanen Omaha da sandarsu. Ba sai mutum ya yarda da abin da suka yi imani da shi ba kafin ya ɗauki darasin. Magana ce ta amana, amana kuwa ba ta tambayar addinin mai ita.

Dattijon cikin tanti

Omaha al'umma ce da ke zaune a gabar kogin Missouri, cikin jihar Nebraska ta yanzu. Manoma ne, masara da wake da kabewa. Amma da an yi wa masara noma a tsakiyar shekara, sai gari ya tashi kacokan zuwa farautar ɓauna. Duk inda suka yada zango, tantunan fata suke kafawa a da'ira. Gidaje goma ne, biyar a ɓangaren da ake dangantawa da sama, biyar a na ƙasa. Kowane gida ya san gurbinsa a da'irar, ya kuma san hidimar da ya gada.

Gidan Honga ke riƙe da sandar. An sare ta daga wata irin bishiya mai fitowa a bakin kogi, tsawonta ya ɗara na mutum. Ba a kafa ta tsaye, a jingine take a kan gwafa, an ɗaure mata fata a gindi da ƙunshi a tsakiya. Omaha ba itace suka ɗauke ta ba. A wurinsu mutum ne, dattijo, sunansa Umonhonti. Yana da tantinsa, idan za a yi ƙaura kuma mai tsaronsa ne ke goya shi a baya.

Labarin asalinta ya ce an yi wani zamani da kan jama'a ya rabu, manya suna ta zaman shawara kan yadda za a hana al'umma watsewa. Sai ɗan ɗaya daga cikinsu ya yi ɓatan kai wajen farauta. Cikin dare ya hango bishiya tana ci da wuta amma ba ta ƙonewa, ga hanyoyin namun daji huɗu sun haɗu a gindinta. Aka tura mayaƙa suka saro ta, aka shigo da ita gari, aka ce daga yau duk abin da ya dami jama'a nan za a kawo shi. Ke nan sandar ba kayan ibada kaɗai ba ce, ita ce alamar haɗin kai da ikon majalisar sarakunansu bakwai. Kowace shekara idan farauta ta yi kyau, sai a kwaɓa kitsen ɓauna da jan launi a shafe ta, a yi godiya.

Cikin shekara talatin duk wannan ya rushe. A 1854 Omaha suka sa hannu a yarjejeniyar da ta raba su da mafi yawan ƙasarsu, aka bar musu keɓaɓɓen yanki. Mafarautan Turawa suka karkashe ɓauna don fata har ta kusa ƙarewa. A 1875 aka yi shafa ta ƙarshe, a 1876 aka fita farauta ta ƙarshe, bikin kuwa ba ya yiwuwa sai da kitsen ɓauna. A 1883 gwamnatin Amurka ta kafa dokoki da kotuna na musamman don hana 'yan asali bukukuwansu na addini da aikin masu maganinsu, hukuncin kuma ɗauri ne ko yanke rabon abinci. A ƙidayar 1900 'yan asalin ƙasar ba su cika dubu 250 ba. Masana suka yanke cewa mutanen nan ƙarewa za su yi, don haka aikin mai ilimi shi ne ya kwashe abin da ya saura kafin tsofaffi su tafi da shi kabari.

Ɗan gida da baƙuwa

Mutum biyu ne suka fi shahara a wannan kwasar a Omaha. Na farko Francis La Flesche, haifaffen 1857, ɗan sarki Joseph La Flesche. Joseph ya hango inda duniya ta dosa, ya yanke cewa in ba a koyi hanyar Bature ba, ba za a tsira ba. Ya gina gidan katako, ya karɓi Kiristanci, ya sa 'ya'yansa makarantar mishan, har masu adawa da shi suka riƙa kiran unguwarsa ƙauyen masu kwaikwayon Turawa. 'Yarsa Susan ita ce mace ta farko cikin 'yan asalin Amurka da ta zama likita, a 1889.

Francis ya yi makarantar da ake zane yaro idan ya yi yaren uwarsa, amma kuma ya bi farautar ɓauna yana saurayi. Ya san sandar tun yana ƙarami. Ya ba da labarin ranar da dawakin da yake korawa suka kutsa kan tantin dattijon. Mahaifinsa, duk da Kiristancinsa, ya haɗa shi da jan ƙyalle mai tsada ya tura shi wajen mai tsaro, aka yayyafa masa ruwa shi da dawakin da reshen wani ganye, sannan hankalin gida ya kwanta. Wanda aka yi wa haka ba zai ce bai san nauyin abin ba.

Ta biyu baƙuwa ce, Alice Fletcher, wadda ta iso Omaha a 1881. Ta tarar da mutane cikin fargabar za a kore su kamar yadda aka kori maƙwabtansu Ponca a 1877. Ta gamsu cewa maganin shi ne a yanka ƙasar al'umma gida-gida, kowa da takardarsa. Ta koma Washington ta yi ta kamun ƙafa har aka yi dokar rabon a 1882, gwamnati kuma ta naɗa ta ita ce mai rabawa, Francis yana yi mata tafinta. Irin wannan tsari ne ya zama dokar ƙasa baki ɗaya a 1887, wadda ake kira dokar Dawes. Da niyyar alheri ta yi, amma ƙasar gandu ba ta sayuwa, mai takarda kuwa tana sayuwa. Daga eka miliyan 138 da ke hannun 'yan asali a 1887, abin da ya rage a 1934 eka miliyan 48 ne. A Omaha ma mafi yawan filayen sun koma hannun Turawa. Matar da ta fi kowa zama ta saurari waƙoƙinsu tana cikin waɗanda suka wargaza zaman da ke riƙe da waƙoƙin.

Shekarar 1888

Mai tsaron sandar na ƙarshe wani tsoho ne da Turawa ke kira Yellow Smoke. Bikin ya mutu, ba magajin da zai karɓa, sai ya ƙudura a binne shi tare da dattijonsa. Francis, wanda a lokacin ma'aikaci ne a hukumar kula da 'yan asali a Washington, ya je ya same shi. Ya ba shi shawarar a tura dattijon gabas, ya zauna a babban ginin bulo maimakon yagaggen tanti. Tsoho ya yi nazari, ya amince, ya ɗauko sandar ya miƙa masa. Francis ya rubuta cewa wannan ne karo na farko da wani wanda ba magaji ba ya taɓa ta da gangan. Aka kai ta gidan tarihi na Peabody a Jami'ar Harvard, inda tun 1884 aka kai kayan wani tantin nasu, na yaƙi.

Saura labarin asali, wanda a dokarsu ba a faɗa wa bare, kuma sun yi imani wanda ya faɗa zai gamu da masifa. Tsoho ya noƙe. Sai Joseph ya ce ya faɗa, duk abin da zai biyo baya shi ya ɗauka. A watan Satumba aka zauna a gidan Joseph, tsoho ya buɗe baki, Fletcher ta rubuta. Ba a daɗe da tashi ba ciwo ya kama Joseph, cikin mako biyu ya rasu a ɗakin da aka yi zaman. Likita zai ce cuta ce, mu mu ce ajali ne ya sauka, Omaha kuwa sun yi tasu fassarar. Fletcher da Francis da kansu suka rubuta wannan a littafinsu. Suna sane da cewa abin da suke karɓa, a wurin masu bayarwa, ya kai a mutu a kansa.

A nan fa sai an yi adalci. Da an binne sandar, da ƙasa ta cinye ta. Da Francis bai rubuta ba, da waƙoƙi da addu'o'i masu yawa sun bi tsofaffi. Littafin da suka fitar a 1911, mai suna The Omaha Tribe, ya haura shafi 600, kuma har yau shi ne madogara. Tsakanin 1895 da 1905 sun ɗauki muryoyin mawaƙa a faifan kaki mai siffar gwangwani. Daga 1910 Francis ya koma cikakken mai bincike a ƙarƙashin cibiyar Smithsonian, ya shiga cikin mutanen Osage, waɗanda harshensu ɗan'uwan nasa ne. Ya rubuta sama da shafi dubu biyu na karatuttukan limamansu, ilimin da a da sai an biya dawaki da barguna ake hawa matakansa bakwai. Saboda yana jin harshen, bai kira abin camfi ba. Ya nuna tsari ne na tunani mai kan gado game da rayuwa da mutuwa da matsayin mutum a cikin halitta.

Amma dubi yadda aka raba ladan. A littafin waƙoƙin Omaha na 1893 sunan Fletcher ne marubuciya, Francis mai taimako. Sai a 1911 sunansa ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da nata, shi da ya san ƙofar da za a ƙwanƙwasa da kalmar da za a faɗa. Dubi kuma wa aka rubuta wa. An rubuta wa masu karatu a Washington da Boston ne, da harshen an yi an gama. Ba a sa rai cewa wani ɗan Omaha zai zo ya buɗe littafin yana neman abinsa.

Jikoki sun zo

Lissafin masana bai fita ba, domin Omaha ba su ƙare ba. Sun sha talauci da cuta da makarantun kwana masu raba yaro da harshensa, amma sun rayu, 'ya'yansu suka yi karatu. A 1969 wani marubuci ɗan ƙabilar Sioux, Vine Deloria ƙarami, ya yi wa masu nazarin al'adu wankin babban bargo. Ya ce suna zuwa kowace shekara su kwashi abin da zai ba su digiri da muƙami, mutanen da aka nazarta kuwa ba sa ganin komai. A 1978 majalisar Amurka ta yi dokar amincewa da 'yancin addinin 'yan asali, kusan shekara ɗari bayan an haramta shi.

A 1983 ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya kwafe tsofaffin faya-fayan kaki ya kai garin Macy, hedikwatar Omaha. Mutane suka ji muryoyin kakanninsu, mawaƙa suka sake ɗaukar waƙoƙin da suka suɓuce. Masanin tarihin ƙabilar, Dennis Hastings, da wani malamin jami'a, Robin Ridington, suka shiga bin sawun sandar. A 1988 shugaban ƙabilar, Doran Morris, ya je Harvard, aka fito masa da ita, hannun ɗan Omaha ya sake taɓa ta. Hujjarsu ɗaya ce: tsoho ajiya ya bayar, ajiya kuwa ba kyauta ba ce. Gidan tarihin ya amsa, a 1989 sandar ta koma gida bayan shekara 101, aka shigo da ita filin taronsu na shekara a Macy. A 1991 wani gidan tarihin ya maido musu farar fatar ɓauna mai tsarki da aka sace daga hannun mai tsaronta a 1898.

Sai dai dawowar ba murna ce zalla ba. Wasu dattawa sun ji tsoro, domin ba sauran wanda ya gaji yadda ake kula da ita. Masu son sanin yadda ake yi dole suka koma ga littafin 1911. Itacen ya dawo, rubutun yana nan, amma silsilar da ke miƙa abin daga baki zuwa kunne ta yanke, kuma ba gidan tarihin da zai iya ɗinke ta.

A 1990 aka yi dokar da ta tilasta wa gidajen tarihi da jami'o'i masu cin kuɗin gwamnatin tarayya su lissafa ƙasusuwan 'yan asali da kayan ibadarsu da ke hannunsu, su mayar wa masu su. A farkon 2024 aka tsaurara ƙa'idojin, aka ce ba a baje irin waɗannan kaya sai da yardar ƙabilar. Babban gidan tarihin halittu na New York ya rufe zaure biyu, na Field a Chicago ya lulluɓe akwatunan gilashi.

Abin da aka yi don ya ruɓe

Mutanen Zuni na jihar New Mexico sun ƙara wa darasin wani babi. Kowace shekara a tsakiyar sanyi suna sassaƙa siffofi biyu na itace, tagwaye masu tsaron gari, su kai su wuraren ibada a kan tuddai. Na bara sai a kwantar da su a gefe, rana da ruwa da iska su cinye su, domin a imaninsu haka ƙarfinsu ke komawa ƙasa. Masu tara kayan tarihi suka riƙa ɗauke su, suna ganin ceto suka yi daga lalacewa.

Daga 1978 Zuni suka fara bin gidajen tarihi da masu gwanjo. Ba su yi hayaniya ba. Sun ce siffofin na al'umma ne gaba ɗaya, ba wanda ke da ikon sayarwa ko bayarwa, don haka duk wanda aka gani a waje sato shi aka yi. Gidan tarihin fasaha na Denver ya mayar da nasa a 1980, Smithsonian a 1987 bayan shekara tara ana tattaunawa. Sama da ɗari sun koma. Aka gina musu wuri mai katanga don ɓarayi, amma ba rufi, don su ci gaba da ruɓewa. Abin da mai gilashi da na'urar sanyaya ɗaki ke kira adanawa, mai abu ɓarna yake kiransa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mu ma an rubuta mu

Ba don tausayin na nesa kawai ya kamata Bahaushe ya san wannan labari ba. Mu ma an zauna gabanmu da alƙalami. Dorugu ya ba J. F. Schön labarin rayuwarsa, ya fito cikin Magana Hausa a 1885 da sunan Schön a bango. Frank Edgar ya fitar da juzu'i uku na tatsuniyoyi da labarai tsakanin 1911 da 1913, malamai ne suka rubuto su da ajami, amma littafin Edgar ake cewa. Rattray ya fi kyautatawa, domin a littafinsa na 1913 ya ambaci sunan Malam Shaihu. Tremearne ya rubuta littafi kan bori a 1914, mafi yawa daga bakin Hausawan Tunis da Tarabulus. Joseph Greenberg, Ba'amurke, ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano, littafinsa ya fito a 1946. Yau ɗan Kano da ke son sanin yadda waɗannan mutane suka rayu a wancan lokaci sai ya nemi littafin Turanci da aka buga a New York.

Yanzu kuwa masu alƙalamin mu ne. Kowace shekara ɗalibai daga jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai suna shiga ƙauyuka da waya a hannu, suna ɗaukar maganar mafarauta da maƙera da wanzamai da masunta da ungozomomi da 'yan bori. Bayansu ga masu neman mabiya a TikTok da YouTube, waɗanda ke haska fuskar tsohuwa tana faɗin sirrin gidansu, kafin magariba duniya ta gani, ita ba ta ma san inda maganarta ta je ba. Francis La Flesche ya nuna cewa zama ɗan gida ba ya sauke nauyi, ƙara shi yake yi. Ƙofar da aka rufe wa baƙo ana buɗe wa ɗa, kuma saboda kunya da zumunci ake buɗewa, ba don an fahimci inda abin zai ƙare ba.

Kuskure biyu ke jiranmu, kuma duka an yi su a can. Na farko na Landa ne: mutum ya ga abin da ya saɓa wa aƙidarsa, sai ya ga ba abin da ya dace da shi sai ashana. Barin aiki da abu daban, shafe shaidar cewa an taɓa yin sa daban. Ba don an rubuta labarin Barbushe da Tsumburbura a tarihin Kano ba, da ba mu san daga inda Musulunci ya ɗauko mutanen Dala ba. Malaman Musulunci sun daɗe da shiga wannan fage. Wajen shekarar 1030 Al-Biruni ya koyi harshen Sanskirit, ya rubuta addinin Hindu kamar yadda masu shi ke faɗa, ba tare da ya bar nasa ba. Shahrastani ma ya tsara littafi guda kan addinai da ƙungiyoyi.

Na biyu na masu kwasa ne: mutum ya ɗauka tunda abin zai ɓace, duk yadda aka karɓe shi daidai ne. Gidajen malamai da dama suna da labarin mai binciken da ya ari kundi ya ce mako biyu, har yau shiru. Shi ya sa wasu suka kulle akwatunansu, gara tana ci, ba mai gani. Amana ɗaya da aka ci tana rufe ƙofa goma.

Ba sai mun aro ƙa'ida daga Harvard ba, muna da ita a zaure. Almajirin ilimi ba ya karantar da littafi sai ya faɗi wanda ya karantar da shi, ba ya ba da abin da ba a yi masa izini ba. Isnadi da ijaza ke nan. Abin da ya rage shi ne mu yi wa maƙeri da ungozoma da Bamaguje adalcin da muke yi wa malami. A rubuta sunan mai magana idan yana so, a sakaya idan ba ya so. A gaya masa da Hausa, ba da takardar Turanci ba, inda maganarsa za ta je da wanda zai ji ta. A bar masa kwafi a gidansa, a harshen da jikokinsa za su karanta. Idan ya ce wannan ba na rubutawa ba ne, a kashe waya, domin ba kowane ilimi ne aka yi don laburare ba, kuma ba digirin da ya kai a ci amanar tsoho.

Haka idan iyali za su kai littattafan kakansu Arewa House a Kaduna, ko Gidan Makama a Kano, ko gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, kai su abu ne mai kyau, ya fi barin su ga gara da yoyon damina. Amma a rubuta ƙarara gaban shaidu: ajiya ce, ko kyauta, ko sayarwa? Wa ke da ikon karɓa? Wa zai ba da izinin ɗaukar hoto? Omaha sun yi sa'a gidan da ke riƙe da sandarsu ya saurare su tun doka ba ta tilasta ba. Wasu al'ummomin har yau suna zarya.

Babban kuskuren masanan ƙarni na 19 ba rubutun ba ne. Kuskurensu shi ne sun ɗauka mutanen da suke rubutawa ba su da gobe, don haka ba wanda zai zo ya tuhume su. Duk mai ɗaukar waya ya nufi zauren wani dattijo ya sa a ransa cewa jikan dattijon zai zo, zai iya karatu, zai nemi abin da aka rubuta a kan gidansu, zai kuma tambayi yadda aka same shi. A yi aikin yadda ranar da ya zo za a iya haɗa ido da shi a miƙa masa.